AMANAR YARA A LOKACIN ANNOBA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, jama'a, mas'alar da za mu duba a wannan mako ta shafi duk wanda aka danƙa wa 'ya'yan mutane, ko malamin makarantar allo ne, ko na Islamiyya, ko na firamare, ko kuwa saurayin nan da kan tara yaran unguwa da la'asar yana koya musu ƙwallo da tsere. Mas'alar ita ce: idan annoba ta sauka a ƙasa, me ya wajaba a kansa? Ya ci gaba da tara yaran, ya ce ya dogara ga Allah? Ko kuwa ya sallame su, ya rufe ƙofa, ya ce ya fita daga haƙƙinsu?

Wannan tambaya ba ta kwana ba, domin annoba ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu sun ga marisuwa a 1918. A 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, galibinsu a Arewa. Cutar korona ta shigo ƙasar nan a ƙarshen watan Fabrairu na 2020, aka rufe makarantu a watan Maris, aka sami wanda ya fara kamuwa a Kano ran 11 ga Afrilu, aka kulle gari ana dab da azumi, makarantu kuwa ba su koma baki ɗaya ba sai a watan Oktoba. Daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 kuma mashaƙo ya yi ɓarna, Jihar Kano ce ta fi jin jiki. Wanda ya ga waɗannan ya san wata tana tafe, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Bari mu ɗauki ƙasar Makoda, maƙwabciyar Dambatta, mu yi misali da ita. Ƙasa ce mai yawan jama'a, gona na jingine da gona, gida na hangen gida, daga Koguna zuwa Wailare ba ka rasa mutane a hanya. Yaro a irin wannan wuri ba ɗan ɗaki ba ne. Da safe yana makaranta, da hantsi yana yankar wa awaki ciyawa ko kai abinci gona, da la'asar yana filin ƙwallo, da dare in da farin wata yana dandali ana langa, 'yan mata na gaɗa. A birni ana iya jan ƙyaure a ce kowa ya zauna gida. A karkara kuwa, ko an rufe makaranta yara za su taru a bakin rijiya da gindin kuka, sai dai taron ya zama ba mai lura da shi. Saboda haka wanda ya ce rufewa ita ce dukan magani, bai san zaman karkara ba.

Sa'an nan ya kamata mu sani cewa wasan yara ba abin banza ba ne a Musulunci, balle a ce shi ne abin da za a fara jefarwa ba tare da an ji ciwo ba. Annabi (S.A.W.) ya yi tseren ƙafa da Nana A'isha, ya shirya tseren dawaki a Madina, ya wuce waɗansu mutanen Banu Aslam suna gasar harbin baka ya ƙarfafa musu gwiwa. Masu tarihi sun kawo labarin samari biyu, Samura ɗan Jundubu da Rafi'u ɗan Hadiju, da suka yi kokawa a gabansa kafin yaƙin Uhudu. Imamu Gazali ya yi bayani a cikin Ihya'u cewa hana yaro wasa bayan karatu yana kashe masa zuciya, yana dushe masa basira. Ke nan karatu haƙƙin yaro ne, motsa jiki ma haƙƙinsa ne, wanda ya hana shi su wata da watanni ya cutar da shi, ko da niyyarsa kyakkyawa ce. Mun kuwa gani a 2020: yara da yawa sun mance abin da suka karanta, waɗansu suka kama talla da ƙwadago, har aka buɗe makarantu ba su koma ba.

To, amma ga ɗaya ɓangaren. Akwai mai cewa ajali ɗaya ne, wanda kwanansa bai ƙare ba ba abin da zai same shi, ya kuma kafa hujja da hadisin da ya kore cewa cuta tana yaɗuwa. Malamai irin su Imamu Nawawi sun daɗe da warware wannan. Abin da aka kore shi ne imanin jahiliyya cewa cuta tana tsallakawa da ikon kanta. Ba a kore cewa Allah Ya sanya cuɗanya ta zama sababi ba, kamar yadda Ya sanya wuta sababin ƙuna. Shi Annabin da ya faɗi wancan, shi ne ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su mashaya tare da masu lafiya, shi ne kuma ya aika wa wani kuturu cikin tawagar Saƙifa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma abinsa. Ya kuma hana shiga garin da annoba take, ya hana na ciki fita don gudu. Waɗannan duka suna cikin ingantattun hadisai.

Babban darasi kuwa yana cikin annobar Amwas, wadda ta auka wa Sham a shekara ta 18 bayan Hijira. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya iso Sarga aka gaya masa halin da ake ciki, ya yi shawara, ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya amsa da cewa daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah, ya kuma buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa, ɗaya busasshe: ko wanne ya kai raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kai su. A lura da misalin, na makiyayi ne, watau wanda zaɓinsa yake faɗawa a kan waɗansu. Abu Ubaida ya zauna da rundunarsa har ya rasu cikin annobar, Mu'azu ɗan Jabal ya gaje shi, shi ma ya rasu. Da al'amari ya zo hannun Amru ɗan Asi, sai ya kwatanta cutar da wuta, ya umarci jama'a su warwatsu cikin duwatsu, Allah kuwa Ya kawo sauƙi. Amru bai rushe rundunar ba, bai kuma bar ta a cunkushe ba. Zamanta ya sāke wa tsari.

A nan ne mas'alarmu ta rataya. Baligi yana iya zaɓar wa kansa haƙuri cikin haɗari, ya kuma sami lada. Amma yaro ba shi da zaɓi, an ce ya zo ne ya zo. Uban da ya kawo shi bai ba malam ransa ba, amana ya ba shi. Kowa kuwa makiyayi ne, za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Saboda haka jarumtar da malam zai yi da lafiyar ɗan wani ba tawakkali ba ne, kyauta ce da kayan da ba nasa ba. Haka nan wanda ya watsar da yara ya juya baya bai sauke amana ba, ya dai yar da ita a hanya. Mun ga misalin wannan a watannin Afrilu da Mayu na 2020, sa'ad da jihohin Arewa suka riƙa kwasar almajirai a motoci suna mayar da su jihohinsu na asali, har Jihar Kaduna ta ba da sanarwar cewa an sami cutar a jikin waɗansu da aka kawo mata daga Kano. An yi nufin rage cunkoso, amma cusa yara a mota ɗaya na sa'o'i shi ne cunkoson kansa, ɗaukarsu daga garin annoba zuwa wani gari kuwa shi ne abin da hadisi ya yi gargaɗi a kai.

To, yaya mai amana zai yi? Abu na farko shi ne ya tambayi masana, domin kowace cuta da ƙofar da take bi. Korona da mashaƙo ta numfashi da tari suke bi, sun fi ƙarfi a ɗaki rufaffe. Sanƙarau ya fi tashi da rani, lokacin ƙura da zafi, ya fi kuma kama masu kwana a cunkushe. Kwalara ta ruwa da abinci take shiga. Nauyinsu a kan yara ma ba ɗaya ba ne. Korona ba ta cika kayar da yara ba, amma sukan kai ta gida ga kakanni. Sanƙarau da mashaƙo kuwa yara da matasa suka fi ci. Wanda ya yi wa dukansu hukunci ɗaya ya yi fatawa ba da sani ba.

A ƙasashen ƙanƙara, irin su Kanada, akwai ƙungiyoyin da kan koya wa yara sulɓi a kan dusar ƙanƙara da waɗansu dogayen allunan ƙafa, suna ratsa fili da daji. A hunturun da ya biyo bayan ɓullar korona, da yawa daga cikinsu ba su daina ba. Sun lura cewa haɗarin bai fi yawa a fili ba, inda iska ke kaɗawa, ya fi yawa a ɗakin jin ɗumi da wurin cin abinci da cikin mota. Sai suka taƙaita shiga ɗakunan, suka rarraba yaran ƙungiya ƙungiya, wasa ya ci gaba. Mu nan Allah Ya hutar da mu sanyin da zai kore mu zuwa ɗaki. Inuwar darbejiya da filin gona bayan an yi girbi sun ishe mu.

Saboda haka malam ya fito da karatu daga zaure zuwa sarari. Ya raba yaran kashi kashi, kowane kashi da lokacinsa da babban da ke lura da shi, kada a riƙa gauraya su, domin in cuta ta shiga kashi ɗaya ta tsaya nan. Randa ɗaya da moɗa ɗaya ga yara hamsin, a bar ta, kowa ya zo da gorarsa. A ajiye buta da sabulu a bakin fili. Wasannin riƙe-riƙe, kamar kokawa da langa, a jinkirta su, a ci gaba da tsere da tsalle da koyon sarrafa ƙwallo. Gasa tsakanin ƙauye da ƙauye a dakatar da ita, haka nan tashe in azumi ya zo cikin annoba, domin yawo ne gida gida. Ɗakin kwanan almajirai a rage masa yawa, a buɗe tagoginsa. In akwai allurar riga-kafi, kamar ta mashaƙo da sanƙarau, mai amana ya zama na farkon kira gare ta.

Akwai kuma abu biyu da suka fi duk waɗannan wuya, domin da zuciya ake yinsu. Na ɗaya, yaron da ya tashi da zazzaɓi ya zauna gida, kada a doke shi don fashi, kada a yi masa gori, kada a cire shi daga 'yan wasa. In yaro ya san zai sha bulala ko zai rasa gurbinsa, ɓoye ciwon zai yi. Shari'ar da ta yarda wa baligi ya bar Jumu'a saboda ciwo ko jinyar majiyyaci, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil, ba za ta tsananta wa yaro a kan darasin kwana uku ba. Na biyu, faɗin gaskiya. In cuta ta ɓulla cikin yara, malam ya sanar da iyaye da mai unguwa da malaman asibiti nan take. Wanda ya ɓoye don kada makarantarsa ta yi baƙin suna, ko kada kuɗin Laraba ya tsaya, ya sayar da 'ya'yan mutane da araha.

Wani zai ce, ashe ba a rufewa ke nan? Ana rufewa mana. Idan cuta ta shiga cikin yaran, ko ta zama irin wadda ba a san hanyarta ba tukuna, ko hukuma ta ba da umurni bayan shawarar likitoci, to rufewa ta wajaba, domin ƙa'idar malamai ita ce kawar da ɓarna yana gaba da jawo amfani. Sai dai rufewa tana da sharaɗi: ta zama ta ƙayyadadden lokaci, a riƙa sāke dubawa, kuma malam ya ci gaba da bibiyar yaransa, ya aika da darasi, ya san wanda ya kwanta da wanda ba shi da abinci. Hukuma ma makiyayiya ce. In ta ce a rufe, ya zama wajibi a kanta ta duba cikin malami da almajiri, ta kuma fara tanadin buɗewa tun ranar da ta rufe.

Iyaye kuma kada su ɗora wa malam kaya duka. Uban da ya san ɗansa ya kwana da zafin jiki, ya tura shi cikin yara don ya huta da hayaniyarsa, shi ne mai kai raƙumi maras lafiya mashaya. In wani yaro ya kamu ta sanadinsa, to ya shirya amsar da zai bayar.

Bawan Allah nan da ya tambayi Annabi (S.A.W.) ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara, an umurce shi da ya haɗa biyun. Taguwarsa ce, ta kansa. To, yaya ke nan ga wanda aka ba shi ajiyar 'ya'yan Musulmi?

Allah Ya kiyashe mu da annoba da bala'i, Ya raya mana zuriya cikin lafiya da imani, Ya ba mu ikon riƙon amana. Amin. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.