Himma Dabam, Alhini Dabam

Ya kai mai karatu, akwai mutumin da in ya gama aiki ba ya samun hutawa. Ya rufe rumbu ya kwanta, ya sake tashi ya duba. Mace ta yi tuwo, baƙi sun ci sun gode, ita kuwa ta kwana tana tunanin gishirin miya. Yaro ya ci tara cikin goma a lakwal, uban ya ce, "Ina ɗayan?" Ko haka gidanka yake?

Mutane suna ce da wannan himma. Amma himma takan huta sa'anda aiki ya ƙare. Alhini ba ya hutawa, gama so yake kada a taɓa ganin aibi gare ka, wannan kuwa ya fi ƙarfin ɗan Adam.

Watakila za ka ce, "Hali zanen dutse ne." Yi hankali. Ba a haife ka da tsoron bakin mutane ba. Tun kana yaro ka koye shi, wurin wanda yake tsawata maka kan kowane ɗan kuskure, ba ya yabon abin da ka yi daidai. Wannan sabo ne, sabo kuwa ana sake shi.

Dubi abin da ya faru a ƙasar Maraɗi. A da, manomin kirki shi ne mai gona fes, ba toho ko ɗaya. Kowace shekara a sassabe, a ƙone. Iska ta zo ta binne shuka da rairayi, a sake shukawa. A shekarar 1983 wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura kututturen da ke cikin gonaki suna da rai, saiwarsu tana nan ƙarƙashin ƙasa. Ya ba da shawara a zaɓi toho kaɗan masu ƙarfi a bar su, a sare saura. Waɗanda suka fara an yi musu dariya, an ce gonarsu ƙazama ce. Bayan yunwar 1984 masu gwadawa suka ƙaru. Kalgo da sabara da gawo suka tashi, suka tare iska, suka ba da itacen wuta da abincin bisashe. An ƙiyasta itatuwan da suka komo kudancin Nijar sun kai wajen miliyan 200. Ashe tsabtar da ake alfahari da ita, ita ce take cin gonar!

Haka zuciya take. Kadan ka koma ka duba rumbu, hankalinka zai kwanta na ɗan lokaci, amma gobe tsoron zai komo da ƙarfi, domin ka ciyar da shi. Kadan ka daure ka ƙi tashi, zai hau, ya hau, kana ya sauka don kansa.

To, fara da abu ɗaya ƙarami. Duba rumbu sau ɗaya, ka kwanta. Ke uwargida, in baƙo ya gode, karɓi godiyarsa, kada ki shiga neman gafara. Ku iyaye, ku fara yaba wa yaro taran nan kafin ku tambayi ɗayan. Ku yi ta yi kullum, sannu ba ta hana zuwa. In kuwa faɗuwar gaba da rashin barci suka daɗe, je wurin likita. Babu kunya a ciki.

Ka tuna da Marta cikin Luka sura 10. Ubangiji yana zaune cikin gidanta, ita kuwa hidima ta raba mata hankali har ta ji haushin 'yar'uwarta Maryamu. Bai raina aikinta ba, damuwarta ya taɓa. Allah bai jira ka zama marar aibi kafin ya ƙaunace ka ba. Yi aikinka da iyakar ƙarfinka, ka danƙa sauran a hannunsa, ka yi barci.