Gurbin Hagu: Ta'aziyyar Johnny da Matthew Gaudreau

Ranar Alhamis, 29 ga Agusta, 2024, wajen ƙarfe takwas na dare, wa da ƙani suna tafe a kan kekuna a wani titin karkara na gundumar Salem, a jihar New Jersey ta Amurka. Washegari za a ɗaura auren ƙanwarsu. Wata mota ta taho ta bayansu ta banke su, nan take rai ya yi halinsa. 'Yan sanda sun ce direban ya sha barasa, an kuma gurfanar da shi gaban shari'a. Gidan da aka gama shirin biki ya wayi gari ana zaman makoki.

Babban, Johnny Gaudreau, shekararsa 31. Ƙaramin, Matthew, 29. Dukansu 'yan wasan hoki ne na kan ƙanƙara, wasan da ake sulu da takalma masu kaifin ƙarfe, ana korar ɗan faifan roba da sanda zuwa raga. Mu a nan sai dai mu gan shi a talabijin, amma a Kanada da arewacin Amurka da shi yaro ke buɗe ido. Rashin sanin wasan ba zai hana mu sanin zafin abin da ya faru ba. Uwa da uba sun rasa 'ya'ya maza biyu a dare ɗaya. Mata biyu sun zama zawarawa, kowace da juna biyu. Duk inda ɗan Adam yake, ya san nauyin wannan.

Ta'aziyyar da nake son miƙa wa iyalan nan, da mutanen biranen Columbus da Calgary, za ta bi ta wata hanya da ba a saba bi ba, wato ta kan dokokin kwantiragi. Dalilina shi ne, a cikin waɗannan busassun dokoki na ga abin da ya fi sanyaya mini rai game da rayuwar Johnny.

A gasar NHL, wadda ita ce ƙololuwar wannan wasa, matashi ba shi ke zaɓen ƙungiyar da zai yi wa wasa ba. Kowace shekara ƙungiyoyi kan zauna su bi layi, kowace ta ɗauki wanda take so cikin samarin da suka kai shekara 18, wanda aka ɗauka kuwa can zai tafi ko da a bangon duniya ne. A 2011 sai da aka ɗauki mutum 103 kafin ƙungiyar Calgary Flames ta kira sunan Johnny. An raina shi ne saboda ƙanƙantar jiki, a wasan da ƙarti ke gwara juna da katanga. Yaron da mahaifinsa ya koya wa sulu ta hanyar jera masa alewar Skittles a kan ƙanƙara, yana bi yana tsinta, ya je kwalejin Boston ya zama gwarzon 'yan wasan jami'o'in Amurka a 2014, daga nan ya wuce Calgary, a yammacin Kanada, nisan fiye da kilomita 3,000 daga gida.

Ko bayan kwantiragin farko ya ƙare, ɗan wasa bai samu kansa ba. Ƙungiyarsa ke riƙe da akalarsa har sai ya kai shekara 27 ko ya cika kakar wasa bakwai. Johnny kuwa ya sa hannu a wani kwantiragi na shekara shida a 2016, saboda haka sai a watan Yulin 2022 ya samu damar da za a tambaye shi: ina kake so ka zauna? Shekara goma sha ɗaya ke nan wasu ne ke yanke masa. Damar kuma ta zo masa yana kan ganiyarsa, ya gama kakar da ya ci 40, ya taimaka aka ci 75, maki 115 ke nan. An ruwaito cewa Calgary ta yi masa tayin shekara takwas da kuɗin da ya fi na kowa, domin a lokacin doka ta ba ƙungiyar da ɗan wasa yake ciki damar ƙara shekara guda a kan bakwai ɗin da sauran za su iya bayarwa. Philadelphia Flyers, ƙungiyar da ya taso yana so, wadda ke maƙwabtaka da garinsu, ba ta da sararin ɗaukarsa saboda ta kusa cika iyakar albashin da doka ta yanka mata. Sai ya zaɓi Columbus Blue Jackets ta jihar Ohio, ƙungiyar da ba ta taɓa ɗaga Kofin Stanley ba, a kan dala miliyan 68.25 cikin shekara bakwai. Masu sharhi suka yi ta mamaki. Mutanen Calgary suka ji ciwo, har wasu suka yi masa ihu ranar da ya koma filinsu da rigar wata ƙungiya. Shi kuwa dalilinsa bai ɓoyu ba: matarsa na da cikin fari, yana son ya zauna inda iyaye da 'yan'uwa za su shiga mota da safe su iso kafin dare.

Iyalan Gaudreau, wannan shi ne abin da nake roƙon ku riƙe. Sau ɗaya tak sana'ar ɗanku ta sakar masa mara ya zaɓa da kansa, ya kuma zaɓe ku. Ya bar kuɗi, ya bar birnin da ake rera sunansa, ya matso kusa. Ba wanda ya san shekara biyu suka rage masa. Da ya bi kuɗin, da waɗannan shekaru biyu sun ƙare a filayen jiragen sama da kiran waya. Kun same su a gida, kun ga jikokinku suna rarrafe, shi ma ya ga iyayensa suna ɗaukar 'ya'yansa. Kwantiragin shekara bakwai ne, biyu kawai ya ci, amma abin da ya je nema a cikinsa ya same shi tun kafin a je ko'ina.

Daga nan sai ɓangaren da ya fi ɗaci. Tun 2005, bayan rikicin albashi da ya cinye kakar wasa guda sukutum, NHL ta yanka wa kowace ƙungiya iyaka biyu a kan abin da za ta kashe wajen biyan 'yan wasa. Akwai ta sama, don kada masu hannu da shuni su kwashe gwanaye duka. Akwai ta ƙasa, don kada mai ƙungiya ya yi rowa ya cuci 'yan wasa da 'yan kallo. A kakar 2024 zuwa 2025, ta sama dala miliyan 88 ce, ta ƙasa miliyan 65. Kwana goma kafin hatsarin, Columbus ta tura Patrik Laine zuwa Montreal, albashinsa na miliyan 8.7 ya fita daga lissafinta. Da Johnny ya rasu, nasa miliyan 9.75 ya bi bayansa, ƙungiyar ta faɗo ƙasa da iyaka. A bisa doka, dole ta cike giɓin kafin 7 ga Oktoba, ranar da ake miƙa jerin sunayen 'yan wasan fara kaka. Ma'ana, mutanen da suka binne abokinsu ranar 9 ga Satumba su fita kasuwa neman wanda za su kashe wa kuɗinsa.

Na san akwai wanda zuciyarsa za ta sosu da jin an ambaci lissafi a irin wannan lokaci, kuma bai yi laifi ba. Mutum ya tafi, ana maganar miliyan nawa suka rage. Amma ku dubi yadda aka yi da dokar. Hukumar gasar da ƙungiyar 'yan wasa, NHLPA, waɗanda suka saba jan igiya a kan kowane sisi, suka haɗu suka ɗage wa Columbus wa'adin. Suka yarda a bar dala miliyan 2 na kuɗin sa hannu da aka riga aka biya Johnny a watan Yuli a cikin lissafin, sauran kuma a cike a hankali. Mu ma nan ba a tayar da mai zaman makoki a ce ya je ya buɗe shago. Dokar iyakar ƙasa an kafa ta ne don kare 'yan wasa, ƙungiyar 'yan wasan kuma ita ta amince a sassauta ta, domin ta gane cewa tilasta ta a wannan gaɓa zai zama cin mutuncin ɗaya daga cikinta. A ganina sun yi daidai, sun kuma yi shi ba tare da hayaniya ba.

Gurbi dai an cike shi, domin ba yadda za a yi. Doka ta ce ƙungiya ta fito da mutum 20 kowane wasa, kaka kuma a lokacin wasa 82 ce. A tsakiyar Satumba aka ɗauko James van Riemsdyk, ɗan New Jersey shi ma, mai buga gefen hagu, a kan kwantiragin shekara ɗaya. Ba wanda ya ce ya zo ya maye Johnny. An bar wa Johnny mazauninsa a ɗakin sauya kaya, rigarsa mai lamba 13 tana rataye, ana kuma tafiya da ita duk garin da aka je wasa. Ranar 15 ga Oktoba, wasan farko a gida da Florida Panthers, Columbus ta fito da mutum huɗu a kan ƙanƙara maimakon biyar. Aka saki faifan, aka tura shi gefen hagu inda ba kowa, 'yan wasan ɓangarorin biyu suka tsaya cak har daƙiƙa 13 suka wuce a agogon wasa.

Wanda ya tura faifan nan shi ne Sean Monahan, kuma shi ma yana cikin waɗanda nake yi wa gaisuwa. Shekara takwas suka yi da Johnny a Calgary, kafaɗa da kafaɗa, har aminci ya wuce na fili. Bayan Johnny ya tafi Columbus, aka tura Monahan Montreal a 2022, daga can aka sake tura shi Winnipeg. Ranar 1 ga Yulin 2024, da ya samu 'yancin kansa, ya sa hannu a Columbus na shekara biyar a kan dala miliyan 27.5, bai kuma ɓoye ba cewa abokinsa ya biyo. Wata biyu ba su cika ba aka yi rashin. Ko wasa ɗaya ba su buga tare da sabuwar rigar ba. Da wani ne, da ya nemi a sauya masa gari. Ya zauna, ya ci a wancan wasan farko ya ɗaga hannu yana nuna tutar abokinsa da aka rataye a rufin filin, ya gama kaka da maki 57 a wasa 54. A Yunin 2025 aka ba shi kambun Bill Masterton na juriya, matar Johnny ce kuma ta kai masa har gida. Malam Sean, tafiyarka Columbus ba ta faɗi ƙasa banza ba. Ka je ne don ka yi wasa da amininka, sai Allah ya sa ka zama makusancin da marayunsa za su riƙa gani.

Shugaban gudanarwar ƙungiyar, Don Waddell, wata uku kacal ya yi a kujerar kafin wannan ya same shi, ba kuma shi ne karonsa na farko ba. Shi ke riƙe da Atlanta Thrashers a 2003 lokacin da ɗan wasansa Dan Snyder ya rasu sanadiyyar hatsarin mota yana da shekara 25. Columbus ita ma ba ta gama warkewa ba daga rasuwar mai tsaron ragarta Matiss Kivlenieks, ɗan Latbiya, a Yulin 2021. Duk da haka ƙungiyar da ta samu maki 66 a kakar da ta gabaci rashin ta tashi da 89 a kakar 2024 zuwa 2025, maki biyu kawai suka hana ta shiga zagayen neman kofi.

Ban manta da Matthew ba, kuma ina roƙon kada kowa ya manta. Sunansa bai shiga wannan lissafi na miliyoyi ba, domin bai taɓa buga NHL ba. Ya bi sawun wansa zuwa kwalejin Boston, suka yi kaka ɗaya tare, ya yi 'yan shekaru a ƙananan gasa, irin waɗanda ake kwana a motar bas daga gari zuwa gari a kan albashin da bai taka kara ya karya ba, sannan ya koma gida yana horar da yara a makarantar sakandaren da su biyun suka yi, Gloucester Catholic. Ba wata hukuma da ta zauna ta sassauta doka saboda shi. Amma daren da mutanen Columbus suka taru da kyandira a ƙofar filin Nationwide, shirun da suka yi na minti 13 ne da daƙiƙa 21, lambar wa da lambar ƙani a haɗe. A wurin mahaifiyarsu kuwa, ba wanda ya fi wani tsada. Yaran da ya koya wa riƙon sanda su ma an yi musu mutuwa, su ma ina yi musu gaisuwa.

Mutanen Calgary, ku da kuka yi fushi ranar da ya tafi, kada wannan ya zame muku abin cizon yatsa. Fushin masoyi ne, shi ma ya san haka. Ku ne kuka cika matakalar filin Saddledome da furanni da sanduna da ledojin Skittles, iyalansa kuma sun gani.

Baba da Mama, ya haƙuri? Allah ya ba ku dangana, ya sa ku ga sanyin ido a jikokinku. 'Yan'uwansu mata biyu, Allah ya ƙarfafa zukatanku, musamman amaryar da farin cikinta ya haɗu da wannan jarrabawa. Matan mamatan, Allah ya dafa muku, ya haɗa ku da masu riƙon amana. Ɗan Matthew ya zo duniya a Disambar 2024, ɗan autan Johnny kuma a Afrilun 2025, ba wanda ya ga mahaifinsa a cikinsu. Allah ya raya su tare da yayyensu, ya shirya su, ya ba su lafiya da tsawon rai, ya kuma kare sauran masu tafiya a kan hanya daga hannun direban da ya sha ya hau mota.