Tausayi da Zargi a Littafin Ƙididdiga

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar daji ta kashe kusan mutum miliyan 10 a shekarar 2020, barasa kuwa ta yi sanadin mutuwar miliyan 2.6 a 2019. A kan takarda dai rai duk rai ne. Amma a zukatanmu mun raba mamatan gida biyu: mai cutar daji mu ce jarrabawa ce, Allah ya sa kaffara, mashayi kuwa mu ce shi ya jawo wa kansa.

To, wannan rabo yana da tushe kuwa? Tun 1988 masana suka sanya barasa cikin abubuwan da ke haddasa cutar daji, irin ta hanta da ta maƙogwaro. Ashe wani lokaci wanda muke tausaya wa shi ne wanda muke zargi.

Zargin nan yana da illa ga rayayyu. Kunya kan sa iyali su ce "gajeruwar rashin lafiya" ce, a yi jana'iza ranar, ba a rubuta dalili ba. Ga shi yawancin mace-macen Nijeriya ba a yi musu rajista. Abin da ba a ƙirga ba kuwa, da wuya hukuma ta ware masa magani.

Suturta mamaci haƙƙi ne, babu ja. Sai dai mai ƙididdiga dalili yake nema, ba suna ba. Mu marubuta, kada mu riƙa kashe mashayi a ƙarshen labari don wa'azi kawai. Mu nuna yadda ya fara, da wanda zai iya ceto shi.