Minti Biyar Na Ƙarshen Fim

Karatu: Ayyukan Manzanni 8:9-24

Wata 'yar'uwa daga Maamobi ta tare ni bayan sujada, ta ce, "Fasto, ɗana ba ya rabuwa da finafinan mayu da matsafa. Zunubi ne?"

Ƙaunatattu, da a ce ganin sihiri cikin labari shi ne zunubi, da ba za mu karanta 1 Sama'ila 28 ba, inda sarki Saul ya ɓad da kama ya tafi Endor da dare wurin mai kiran fatalwa. Amma ba wanda yake karanta wurin nan ya tashi da marmarin zuwa Endor. Yakan ga Saul kwance a ƙasa, ƙarfinsa ya ƙare, sai tsoro ya kama shi. Haka ma fim ɗin Narnia na 2005, daga littafin C. S. Lewis. Akwai mayya a ciki, amma mai nasara shi ne zakin da ya ba da ransa domin yaron da ya ci amana.

To, mu dubi namu na gida. Tun daga Zinabu na William Akuffo a 1987, da Living in Bondage na Najeriya a 1992, har Sakawa Boys a 2009, labarin kusan ɗaya ne: talaka ya nemi dukiya ta hanyar tsafi, ƙarshensa ya yi muni. Sakawa kuwa kalmarmu ce ta Hausa, mu mutanen Nima ba sai an fassara mana ba. Irin waɗannan finafinai gargaɗi suke yi, ban ƙi ba. Amma ka lura da yadda aka raba lokacin. Ana daɗewa ana nuna mota da gidan sama da tsadaddun tufafi, hukunci kuwa sai a minti biyar na ƙarshe. Yaron da suke kwana su shida a ɗaki ɗaya, wanne zai riƙe?

Abin da ya fi damuna ma shi ne faston da yakan shigo a ƙarshe. Yana ɗaga Littafi Mai Tsarki kamar laya, wuta tana fita, sai ka ce bokan da ya fi sauran bokaye. Kuskuren Siman ke nan a Samariya. An yi masa baftisma, duk da haka ya ɗauki Ruhu Mai Tsarki kamar wani babban asiri da kuɗi zai saya. Bitrus ya ce masa zuciyarsa ce ba daidai ba, ya tuba.

Na ce wa 'yar'uwar kada ta kashe talabijin tukuna. Ta zauna su kalla tare, in an gama ta tambaye shi wa yake so ya zama a cikinsu. Mako na gaba ta dawo ta ce mai jar motar ya zaɓa. Sun yi hira har dare ya yi nisa, a nan ne ta fara jin cewa abokansa biyu sun daina zuwa makaranta.