Ladan Murhu: Darasi Daga Rayuwar Sayyida Asma'u 'Yar Abubakar (R.A)

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya ɓoye masoyanSa a cikin bayinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, a Kore Mairuwa da ƙauyukan da ke kewaye da ita cikin ƙasar Arewa, idan tsohuwa ta rasu aka zauna zaman makoki, yabon da ake yi mata kusan iri ɗaya ne. Wannan ya ce bai taɓa shiga gidanta ya fito da yunwa ba. Wancan ya ce ko a shekarar da hatsi bai yi ba, almajiri bai taɓa juyawa daga ƙofarta da ƙoƙo wayam ba. Wani ya tuna furarta, wani ya tuna tuwon da take tuƙa wa baƙin Maulidi. Duk gaskiya ne, kuma shaida ce mai kyau. Amma da wuya a ji wanda ya san wa ya koya mata tahiya, ko sau nawa ta samu zama a majalisin da ta shekara hamsin tana dafa wa abinci.

Akwai wata baiwar Allah da ta rayu shekara 100, ta yi hidimar miji, ta raini 'ya'ya, ta sha hayaƙin murhu, kuma al'umma ba ta manta da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ita ce Sayyida Asma'u 'yar Sayyadi Abubakar Siddiƙu, yayar Uwar Muminai Nana A'isha, matar Zubairu ɗan Awwamu, Allah Ya ƙara musu yarda. Rayuwarta madubi ce da ya kamata a duba iyaye mata a cikinsa.

An haife ta a Makka kimanin shekara 27 kafin Hijira, kuma tana cikin waɗanda suka riga shiga Musulunci. Laƙabin da duniya ta san ta da shi, daga wajen haɗa abinci ta same shi. Lokacin da Manzon Allah (S.A.W) zai yi hijira tare da mahaifinta a shekara ta 622, ita ta haɗa musu guzuri. Da aka zo ɗaure bakin jakar abinci da salkar ruwa, aka rasa igiya. Sai ta kwance ɗamararta ta raba ta biyu, ta ɗaure su da ita. Daga nan aka riƙa kiran ta Zatun Niɗaƙaini, wato ma'abuciyar ɗamara biyu. Tafiyar da ake ƙirga shekarun Musulunci daga kanta, da guzurin hannun mace aka fara ta.

Wannan hidima ba ta tafi a banza ba wajen wahala. Abu Jahli ya zo ƙofar gidan yana tambayar inda Abubakar yake, da bai samu abin da yake so ba ya mare ta har ɗan kunnenta ya faɗi. Kakanta Abu Ƙuhafa, wanda ya makance, ya zo yana fargabar ɗansa ya tafi da dukiyarsa duka ya bar iyali hannu rabbana. Haka ɗin ne kuwa aka yi. Sai ta tara duwatsu a inda ake ajiye kuɗi, ta rufe su da mayafi, ta ɗora hannun tsohon a kai don hankalinsa ya kwanta. Matan Arewa sun san irin wannan dabara, ta ɗora tukunya a wuta don yara su yi barci da sa rai alhali rumbu ya kusa ƙarewa.

Ta yi hijira tana da tsohon ciki, ta sauka a Ƙuba ta haifi Abdullahi, jaririn farko da aka haifa wa Muhajirai a Madina. Manzon Allah (S.A.W) ya tauna dabino ya sa masa a baki, ya yi masa addu'a.

Zaman aurenta kuwa ita da bakinta ta ba da labarinsa, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Zubairu ya aure ta ba shi da komai sai doki da raƙumin ban ruwa. Ita ke ba dokin abinci, ita ke jan ruwa, ita ke ɗinke guga idan ta yage, ita ke kwaɓa gari. Ta kuma faɗi abin da mata da yawa za su ɓoye: ba ta iya gasa gurasa da kyau ba. Maƙwabtanta mata daga cikin Ansaru su ke gasa mata, kuma ta yabe su da cewa mata ne masu gaskiya. Ba su mayar da ita abin dariya a bakin rijiya ba, rufa mata asiri suka yi.

Tana ɗauko ƙwallon dabino a kanta daga gonar da Annabi (S.A.W) ya yanka wa Zubairu, tafiyar fiye da kilomita 3. Wata rana ya same ta a hanya da kayan a kai, tare da shi akwai wasu sahabbai. Ya durƙusar da raƙuminsa don ta hau, sai kunya ta kama ta, ta kuma tuna kishin mijinta, ta ci gaba da tafiya a ƙasa. Da ta gaya wa Zubairu, ya nuna mata cewa ɗaukar kayan nan da take yi ya fi yi masa ciwo a kan hawan. Daga baya mahaifinta ya aiko mata da mai hidima ta karɓe mata kula da doki, ta ce ji ta yi kamar an 'yanta ta.

A lura da kyau. Babu wanda ya ce mata ta yi haƙuri kawai aljannarta tana nan. Shugaban halitta ya tsayar da abin hawansa saboda ita, mijinta ya ji zafin wahalarta, mahaifinta ya rage mata aiki da dukiyarsa.

Sannan aikin gida bai hana ta ilimi ba. Ta ruwaito hadisai fiye da 50. Ta je da kanta ta tambayi Annabi (S.A.W) ko ta yi sadaka daga abin da Zubairu ke kawo mata, ya umarce ta da ta bayar, kada ta riƙa ƙididdigewa sai Allah Ya ƙididdige mata. Da mahaifiyarta ta zo mata tana kan shirka, ba ta yanke hukunci da ka ba, ta tambaya, aka umarce ta da ta sada zumuncinta. Har a madafa sunna take bi: idan ta haɗa gurasa da romo takan rufe shi sai tururinsa ya lafa, saboda ta ji daga Manzon Allah (S.A.W) cewa hakan ya fi albarka. Daga wannan ɗaki Urwatu ɗan Zubairu ya fito, ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina.

Jarrabawa mafi girma ta zo mata a ƙarshen rayuwa. A shekara ta 73 bayan Hijira, Hajjaju ɗan Yusufu ya tsare Makka, mutane suka watse suka bar ɗanta Abdullahi. Ya zo neman shawararta, a lokacin idanunta sun tafi. Ta ƙarfafa shi a kan cewa in ya san gaskiya yake kai to ya tsaya a kanta. Aka kashe shi aka rataye gawarsa. Hajjaju ya zo gabanta yana alfahari, ta mayar masa da magana ba tare da tsoro ba, ta tuna masa cewa laƙabin da yake yi wa ɗanta gori da shi, wajen ɗaukar abincin Manzon Allah (S.A.W) ta samo shi. Ba a jima ba ta rasu, tana da shekara 100, hankalinta garau, haƙorinta ko ɗaya bai faɗi ba.

Wannan darasi bai tsaya a ƙasar Larabawa ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a Maratta a shekarar 1754 cikin ƙasar Nijar ta yau, ya yi kakkausar magana a littafinsa Nurul Albabi a kan malaman da ke karantar da ɗalibai safe da yamma, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ya zargi masu ɗora wa mata dafuwa da wanki, suna nanata musu biyayyar miji, ba sa koya musu biyayyar Allah da ManzonSa. 'Yarsa Nana Asma'u, takwarar Sayyida Asma'u, wadda aka haifa a Ɗagel a 1793, ta auri Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ta haifi 'ya'ya maza, ta riƙe babban gida a Sakkwato. Duk da haka ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa jajis suna kai karatu ga matan ƙauye da harshen da suke ji. Ta rasu a 1864 tana da shekara 71. Ta san cewa mai daka da mai surfe ita ma za a tambaye ta a kabari.

To, ya 'yan'uwa, ma'abota ɗariƙa sun san matsayin hidima. Sun san cewa muridin da ke shara da ɗiban ruwa a zawiya da kyakkyawar niyya yakan riga mai yawan magana isa. Idan haka ne, matar da ta shekara sittin tana tashi kafin asuba ta hura wuta, ta daka, ta tankaɗe, ta yi talge, ta tuƙa, ta kwashe, ta ci ragowa, tana cikin manyan masu hidima ko da ba a taɓa kiran sunanta a majalisi ba. Ladanta yana wajen Allah, ba ya ɓata. Abin tsoron yana kan waɗanda suka ci, domin za a tambaye su haƙƙinta.

Wanda mahaifiyarsa ko kakarsa ke raye, ƙofa a buɗe take gare shi. Ya zauna da ita cikin ladabi su bi Fatiha da tahiya tare, kada ya ji nauyi. Ɗalibin da ya dawo hutu daga jami'a ya fara da ɗakinta kafin ya hau kan kujerar wa'azi. Mai gida ya biya kuɗin injin niƙa in yana da hali, ya yi koyi da Sayyadi Abubakar. A daren Maulidi samari su ɗauke wa mata itace da ruwa da wanke tukwane, a gama girki da wuri don su ma su ji yabon wanda ake taron dominsa. Amaryar da ba ta iya tuƙi ba a koya mata a asirce, kamar yadda matan Ansaru suka yi. Wanda kuma tasa ta riga ta koma ga Allah, ya ciyar a madadinta, ya riƙa sa ta cikin addu'a bayan wuridinsa, ya sada zumuncin ƙawayenta.

Allah Ya jiƙan iyaye mata da suka rigaya, Ya sanyaya makwancinsu, Ya sa zafin wutar da suka sha a duniya ya zama garkuwa gare su daga wutar lahira. Waɗanda ke raye Allah Ya ƙara musu lafiya, Ya sa su gama da duniya lafiya, Ya tashe su a ayarin Sayyida Asma'u, albarkacin Shugaba (S.A.W). Amin.