Sa Hannun Mai Gajiya

A ƙasashen da ke bin dokokin OHADA, kamar Nijar da Kamaru da Cadi, kamfanoni suna rufe littattafansu ran 31 ga Disamba, kuma dole masu hannun jari su zauna a kan lissafin cikin wata 6. Saboda haka aiki yakan taru wa mai binciken kuɗi a lokaci ɗaya, har barci ya gagare shi.

To, mai karatu, idan ya sa hannu idonsa yana rufewa, alhakin yana wuyan wa? Sa hannunsa shaida ce, wato yana cewa ya duba, ya gani. In gajiya ta hana shi dubawa, ya ba da shaidar abin da bai gani ba ke nan. Kamfanin Arthur Andersen na Amurka ya rushe a 2002, bayan badaƙalar Enron, domin mutane sun daina yarda da sa hannunsa.

Shugaban da ya ɗora wa mutum ɗaya aikin mutum uku yana da nasa alhaki. Amma mai binciken ma wajibi ne ya buɗe baki ya ce bai gama ba, a ƙara masa lokaci ko mataimaki. Faɗin haka, da samun hutu, duka suna cikin riƙon amana.