Nasiha Ga Sabon Lauya Mai Karɓo Wa Yara Haƙƙin Ciyarwa

Ɗana, ka gama karatun lauya a Amurka, ka ci jarrabawar da ke ba mutum izinin tsayawa gaban alƙali, yanzu kana duba inda za ka fara. Abokan karatunka na rububin manyan kamfanonin lauyoyi na New York da Washington, kai kuwa abin da ya zo hannunka gurbin ƙaramin lauyan gwamnati ne, a ofishin da ke karɓo wa yara kuɗin ciyarwa daga iyayen da suka rabu. Na san zuciya tana raya maka cewa wannan aikin wanda ya rasa ne. Zauna ka saurare ni kafin ka yanke shawara. 'Yata da ta yi wannan karatu, ke ma da ke nake.

Fara da sanin gidan da za ka shiga. A 1975 Shugaba Gerald Ford ya sa hannu kan dokar da ta kafa wannan shiri, wanda ma'aikatansa ke kira IV-D saboda sashen da ya faɗo cikin dokar walwalar jama'a ta ƙasar. Gwamnatin tarayya ke ɗaukar kashi 66 cikin 100 na kuɗin gudanarwa, jihohi kuma su ke yin aikin, kowace da tsarinta. A Texas yana hannun ofishin Antoni Janar na jiha. A California gundumomi ne ke da ofisoshinsa. A Indiana masu gabatar da ƙara na gundumomi ne ke kai shari'un kotu. Ko ina ka je, aikin huɗu ne: a nemo mahaifin da ya ɓace, a tabbatar shi ne uban, ko da ta gwajin DNA ne, a samo umarnin kotu kan abin da zai riƙa biya, sannan a tabbatar ya biya. Abin da ake tarawa duk shekara ya doshi dala biliyan 30, yaran da ke cin moriyarsa kuma sun haura miliyan 10. Wanda ya raina aikin da ke sa abinci a bakin yara masu wannan yawa, bai san abin da ya raina ba.

Don haka nasihata ta farko ita ce ka karɓi aikin da hannu biyu. Albashin bai kai na kamfani ba, wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye maka ba. Amma abokinka da ya tafi babban kamfani zai iya shekara da shekaru yana tace takardu bai taɓa buɗe baki gaban alƙali ba, kai kuwa cikin 'yan watanni za ka saba da kotu. Za ka iya yi wa shaida tambaya, ka iya karanta takardar albashi da ta haraji, ka iya sasanta mutum biyu da ba sa ga maciji da juna. Sannan akwai dokar 2007 da ta ce wanda ya yi wa gwamnati aiki, ya biya bashin karatunsa na tarayya sau 120, wato shekara goma, za a yafe masa saura. Ga wanda ya fito makarantar lauya da bashi a wuya, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Abu na biyu, ka san wanda kake wa aiki. Uwar yaran za ta zo ta zauna gabanka da idanu jajaye, ta ɗauka ta sami lauyanta. Uban kuma zai shigo yana hura hanci, ya ɗauka kai ne abokin gabarsa. Dukkansu sun yi kuskure. Lauyan wannan ofis jiha yake wakilta, abin da jiha ke nema kuma shi ne a ciyar da yaro. Ka faɗa musu haka tun ranar farko, da harshen da za su gane, don kada uwar ta zazzage maka cikinta tana zaton sirrin lauya da wanda yake karewa ne. Akwai kuma wata gaskiya mai ɗaci da ya kamata ta fito daga bakinka. Tun asali an kafa shirin ne har da niyyar gwamnati ta mayar da kuɗin tallafin da take ba matalauta. Uwar da ke karɓar tallafin kuɗi tana sa hannu ta miƙa wa jiha haƙƙinta, saboda haka a jihohi da dama wani kaso na abin da uban ya biya baitulmali yake shiga. Idan uba ya tambaye ka me ya sa yana biya amma 'ya'yansa ba sa gani, kada ka yi masa kwana-kwana. Ka nuna masa lissafin.

Abu na uku, ka ji tsoron ƙarfin da aka damƙa maka. Kana da shekara ashirin da 'yan kai, amma da sa hannunka za a riƙa cire kuɗi daga albashin mutum kafin ya taɓa shi, doka kuma ta yarda a ɗebe rabi, wani lokaci har kashi 65 cikin 100. Tun daga dokar 1996 da Shugaba Clinton ya sa wa hannu, duk mai ɗaukar ma'aikaci sai ya kai sunan ma'aikacin ga hukuma cikin kwana 20, don haka mai gudu daga jiha zuwa jiha ba ya daɗewa ba a gano shi ba. Ana tare rarar harajin da gwamnati za ta mayar wa mutum. Ana dakatar da lasisin tuƙi. Wanda bashinsa ya haura dala 2,500 ana hana shi fasfo, ka ga ke nan ba Hajji, ba zuwa gida jana'izar mahaifiya. A ƙarshe akwai ɗauri saboda raina umarnin kotu. Waɗannan duka halal ne gare ka ka yi amfani da su, amma kowanne da muhallinsa. Direban tasi da ka sa aka karɓe wa lasisi, da me zai nemo kuɗin da kake so ya biya?

A nan aikin gaba ɗaya ya rataya: ka iya bambanta wanda ya ƙi biya da wanda ya kasa biya. A kwamfuta su biyun iri ɗaya ne, lamba ce kawai ta bashi. Sai ka buɗe fayil, ka dubi mutum, sannan za ka gane.

Ga yadda mai kasawa ke faɗawa rami. An aika masa sammaci a gidan da ya daɗe da tashi, bai gani ba, bai zo kotu ba. Aka yanke hukunci a bayan idonsa, aka ƙiyasta cewa yana aikin awa 40 a mako kan mafi ƙarancin albashi na dala 7.25 a awa, alhali shi aikin da yake samu na yau akwai gobe babu ne. Wata na bin wata, bashi na hawa, wasu jihohin ma har da ruwa. Ranar da ya farga ya zo yana roƙo, alƙali ba shi da ikon rage abin da ya wuce, don tun 1986 dokar da ake kira gyaran Bradley ta hana. Bashin da ya taru a faɗin ƙasar ya wuce dala biliyan 100, wani bincike na cibiyar Urban Institute a jihohi tara a 2007 kuma ya gano cewa kashi 70 cikin 100 na bashin yana wuyan mutanen da ko dai ba su da wani kuɗin shiga da aka sani, ko kuma abin da suke samu a shekara bai wuce dala 10,000 ba. Matse irin waɗannan ba ya ƙara wa yaro ko lomar tuwo. Korar uban kawai yake yi zuwa aikin ɓoye.

Ka karanta shari'ar Turner da Rogers ta 2011 har ka haddace ta. Michael Turner, mutumin South Carolina, an ɗaure shi wata 12 kan bashin da bai kai dala 6,000 ba. Ba shi da lauya, alƙalin kuma bai rubuta ko yana da halin biya ko babu ba. Kotun Ƙoli ta ce ba dole ne a ba shi lauya kyauta ba, amma ba a ɗaure mutum sai an sanar da shi cewa halin biyansa shi ne jigon shari'ar, an ba shi dama ya bayyana samunsa, kotu kuma ta tabbatar yana da shi ya ƙi. A 2016 gwamnatin tarayya ta fito da ƙa'idar da ta ce a gina umarni bisa ainihin samun mutum, kuma kada a ɗauki zaman gidan yari tamkar mutum ya ƙi aiki da gangan. Ka tuna da Walter Scott, wanda ɗan sanda ya harbe ta baya a North Charleston a 2015 yana gudu bayan an tsayar da motarsa. Danginsa sun ce tsoron a kama shi kan bashin ciyarwa ne ya sa shi gudu. Laifin kisan na wanda ya harba ne, kotu kuma ta ɗaure shi. Amma kafin ka nemi takardar kama mutum, ka sani ba ka san inda za ta tarar da shi ba.

Saboda haka, safiyar zaman kotu, lokacin da kake tsaye a baranda da fayil cike da hannu, mutane sun yi layi kowa na jiran a kira sunansa, kada gaggawa ta sa ka miƙa wa mutum takarda ka ce sa hannu nan. Tambaye shi inda yake kwana, da aikin da ya yi watan jiya, da ko yana da wasu yaran. Idan ba ya jin Turanci sosai, a kawo tafinta. Idan an sallame shi daga aiki, ka ce masa ya shigar da buƙatar a rage kuɗin yau ɗin nan, don ragi ba ya komawa baya ya wuce ranar da aka nema. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada kuma tausayi ya rufe maka ido, ɗana. Akwai wanda ke da shi ya ƙi. Yana karɓar kuɗinsa a hannu don kada a gani, ya rubuta shagonsa da sunan ƙaninsa, ya zo kotu da tsohuwar riga alhali sabuwar mota na jiransa a waje. Ita kuwa uwar ta kwana tana jinyar tsofaffi a gidan wasu, ta baro aikin yini ba biya don ta zo kotu, kuɗin haya na jiranta. Wannan mutum ka bi shi har ƙarshe. Nemi bayanan bankinsa, ka tambaye shi wa ke biyan kuɗin motar, ka ajiye takardun gaban alƙali ɗaya bayan ɗaya. Idan ya ce ba ta barinsa ya ga yaransa, ka nuna masa inda zai kai wannan ƙara, amma ka gaya masa yaro ba ya daina ci don iyayensa na rigima. Idan kuma uwar ta gudo ne daga duka, ka rufe adireshinta ruf, don takarda ɗaya da ta fita da sakaci tana iya kai mata wanda take ɓuya dominsa har ƙofar ɗaki.

Wannan ma'auni ba baƙo ba ne gare ka. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ci da tufatarwa a wuyan uba, aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ kuma ta auna ciyarwa da gwargwadon halin mai ciyarwa. Wajibin ba ya faɗuwa, amma ba a ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa. Ka kuma san abin da ke faruwa a gida, yadda ake sakin mace a haɗa ta da yara huɗu a ce ta tafi gidansu, ta yi ta zarya tsakanin Hisba da kotun shari'a tana neman abin da Allah ya riga ya wajabta. Wanda ya taso yana ganin haka bai kamata ya ji kunyar wannan aiki ba.

Wata rana fayil ɗin wani namu zai iso ofishinku, dattawa su tare ka bayan sallar Juma'a su ce ɗan'uwa ne, a rufa masa asiri. Ka gaishe su da ladabi, kada ka ce musu komai game da fayil ɗin. Idan ka san mutumin, ka sanar da shugabanka a ba wani. Kada ka leƙa bayanan kowa a kwamfutar ofis don wani ya roƙe ka, wannan kaɗai ya isa ya raba ka da aiki da lasisi.

Ranakun za su yi tsawo, za a zage ka daga ɓangare biyu, wanda ka taimaka ma ba lallai ya gode ba. Ka nemi tsofaffin ma'aikatan ofis da magatakardan kotu ka koya daga gare su, ko da ba lauyoyi ba ne. Ranar da ka ji ka fara kallon kowane uba a matsayin maƙaryaci, ko kowace uwa a matsayin mai son kuɗi, ka ɗauki hutu, don gajiya ce ke magana. Ko ka yi shekara uku ka wuce gaba, ko ka tsufa a nan, ka bar wajen da suna ɗaya: wanda ba ya ƙyale mai ƙi, ba ya danne mai kasawa. Allah ya yi riƙo da hannunka, ya sa ka ci halal, ya tsare ka daga ɗaukar haƙƙin kowa.